Kuskure, Kari ko Salo? Darasi ga Mai Sharhin Littattafan Soyayya a Ƙasar Kurfai

Gabatarwa

Yawancin sharhin da ake yi wa littattafan soyayya yana tsayawa ne a kan jigo da tarbiyya: wa ya auri wa, kuma ko labarin zai gyara budurwa ko zai ɓata ta. Idan an zo kan harshe sai a yanke hukunci da jimla guda, a ce Hausar littafin ba ta da kyau. Wannan hukunci yakan cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe, wato kuskuren rubutu, da karin harshe, da salon marubuci. An ɗauki makarancin Bonkuku a matsayin misali, domin shi ne ya fi fuskantar wannan ruɗani.

Asalin littattafan

Littafin So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma matasa suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a Kano. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, sannan Bilkisu Ahmed Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa a 1994. Ibrahim Malumfashi ya yi wa rukunin laƙabi da Adabin Kasuwar Kano yana mai sukar ingancinsa, Abdalla Uba Adamu kuwa ya kare shi. Abin lura a nan shi ne, akasarin littattafan sun isa kasuwa ba tare da sun bi ta hannun mai tace rubutu ba. A yau da labaran suka koma Wattpad da WhatsApp, tacewar ta ƙara ƙaranci.

Makarancin Bonkuku

Bonkuku ita ce cibiyar gundumar Imanan, a kwarin Dallol Bosso, kudu da Filinge. Hausa da Zabarmanci da Buzanci suna cuɗanya a yankin. Hausar da ake ji a ƙasar Kurfai tana cikin karin yamma, dangin na Adar da Arewa da Sakkwato, kuma tun a 1978 J. G. Malka ya kwatanta furucin Hausar Filinge da na Daidaitacciyar Hausa a mujallar Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero. Ƙari a kan haka, mafi yawan masu karatun boko a yankin da Faransanci suka fara sanin baƙi da wasali, shi ya sa ake ganin tch a gurbin c, da ou a gurbin u a saƙonninsu na waya. Saboda haka littafin Kano yana zo wa irin wannan makaranci da baƙin abubuwa iri-iri a shafi guda, kuma yana iya ɗaukarsu duka kuskure, ko ya ɗauke su duka daidai.

Mataki na farko: kuskuren rubutu

Kuskure shi ne saɓa wa ƙa'idar da aka amince da ita, kamar wadda aka tattauna a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Biyu ne suka fi yawa a littattafan nan. Na farko shi ne barin ƙugiya, inda ƙasa takan koma kasa, baƙi ya koma baki, ɗaki ya koma daki. Na biyu shi ne haɗe kalmomin da ya kamata a raba, kamar zata a maimakon za ta, da nace a maimakon na ce, alhali zata da nace kalmomi ne masu ma'anarsu daban.

Idan kurakuran biyu suka haɗu, ɓarnar ta fi girma. A ɗauka an rubuta: bata so ya kai su ga rabuwa. Mai yiwuwa ana nufin ba ta so ya kai su ga rabuwa, wato yarinyar tana gudun rabuwar. Mai yiwuwa kuma ana nufin ɓata so ya kai su ga rabuwa, wato an lalata soyayyar. A labarin soyayya wannan bambanci ne tsakanin fata da yanke ƙauna. Nan ne wajibi mai sharhi ya yi gyara, ya kawo shafi da layi a matsayin hujja.

Sai dai ba kowane bambancin rubutu ne kuskure ba. Nijar tana rubuta ƴa, Nijeriya tana rubuta 'ya, kuma kowanne daidai ne a ƙasarsa.

Mataki na biyu: karin harshe

Kari ba kuskure ba ne, tsari ne mai nahawunsa. Inda Bakano zai ce yana zuwa, mutumin yamma zai ce shina zuwa. Inda wancan zai ce da suka tafi, wannan zai ce da sunka tahi. Dirkar ne da ce takan zama na da ta, me yakan zama mi, fari yakan zama hwari, ƴa kuma ɗiya.

Kalmomin aro ma haka suke. Kano ta aro daga Ingilishi, Nijar daga Faransanci. Abin rubutun da Bakano ke kira biro shi ne bik a Filinge. Ɗan lakkol a Bonkuku yana kiran malaminsa mushe cikin girmamawa, kalmar da Bakano zai gani a rubuce ya tuna da dabbar da ta mutu ba yanka, tun da boko ba ya nuna karin sauti.

Tambayar mai sharhi a nan ita ce: a bakin wa aka sa karin, kuma don me? Idan marubuci ya sa shina da munka a bakin ɗan aike ko mai gadi kawai don a yi dariya, ya bar jarumi da jaruma da Kananci, to ya faɗi wani abu game da matsayin mutanen yamma, ko da bai yi niyya ba. Makarancin Kurfai ya fi kowa cancantar ya lura da hakan, ya kuma bayyana shi.

Mataki na uku: salo

Salo shi ne zaɓin da marubuci ya yi da gangan. Ingausa babban misali ce. Idan jaruma ƴar jami'a tana sirka Ingilishi a zancenta da saurayi, amma ta koma tsantsar Hausa da ta durƙusa gaban mahaifinta, to marubuciyar ta nuna ilimi da kunya ba tare da ta ambace su ba, kuma wannan abin yabo ne. Idan kuwa kaka a ƙauye da direba da liman duk suna sirka Ingilishi iri ɗaya, ingausar ta zama ɗabi'ar marubuciya, ba halin taurari ba.

Haka za a auna kalmomin kira. Jarumar da ta fara da kiran mutum Malam, ta koma Yaya, daga baya ta daina ambaton sunansa gaba ɗaya saboda alkunya, ta bayyana matakan soyayyarta ta hanyar harshe kawai. Mai sharhin da ya bi sawun wannan sauyi ya fi wanda ya taƙaita labari amfani.

Kammalawa

A watan Maris 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Matasa da yawa kuwa daga labaran soyayya suke fara sabawa da karatun Hausar boko, ba daga aji ba. Idan mai sharhi ya kira kari kuskure, zai koya wa ɗan Kurfai jin kunyar bakin iyayensa. Idan ya kira kuskure salo, zai bar rubutu cikin ruɗani. Don gwaji, ɗalibi ya ɗauki shafi biyar na kowane labari, ya ja layi uku a takarda, ya sa kowace kalmar da ta tsayar da shi a gurbinta, tare da dalili. Bayan nan ne zai iya cewa Hausar littafi ta yi kyau ko ba ta yi ba.