Shin man shanu na daskarar da jini?

Maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwarsa. Alhamdulillahi yana samun sauƙi. To amma danginsa sun sa ni gaba, wai man shanun da nake zuba masa a tuwo ne ya daskarar masa da jini. Yanzu ko manja tsoron sawa nake a miya. Don Allah gaskiya ne?

Wata uwargida, Tudun Wada, Zariya

Hajiya, Allah Ya ƙara masa lafiya. Dangin maigidanki suna kallon yadda man shanu ke sandarewa a kwalba lokacin hunturu, sai su ɗauka haka yake yi a jijiya. Jini yana daskarewa ne ta hanyar wasu furotin da hanta ke ƙerawa, irin su fibirinojin da wanda likitoci ke kira fakta ta 7. Ba don su ba, ƙaramin yanka ma sai ya kashe mutum. A 1986 binciken Northwick Park da aka yi a Landan ya nuna cewa mazan da waɗannan biyun suka yi yawa a jininsu sun fi kamuwa da ciwon zuciya, kuma an tabbatar fakta ta 7 tana ƙara kuzari 'yan sa'o'i bayan an ci abinci mai maiƙo sosai. Sai dai wannan tashin ya fi bin yawan man da aka ci a zama ɗaya fiye da irinsa, domin man gyaɗa ma idan an malala shi yana tayar da ita. Shi kuwa fibirinojin, sigari da ƙiba sun fi abinci ɗaga shi. Ɓarnar kitse mai daskarewa, wato na man shanu da kitsen nama da kusan rabin manja, a hankali take zuwa: yana ƙara mugun kolestarol, wanda ke taruwa a bangon jijiya shekara da shekaru, har wurin ya tsage, gudan jini ya haɗu a kai.

Wani zai ce ai Fulani da nono da man shanu suke rayuwa. Gaskiya ne, kuma binciken da aka buga a 2001 kan Fulani makiyaya na tsaunin Jos ya samu kolestarol ɗinsu ba shi da yawa duk da kitsen da suke ci. Amma mai bin shanu wuni guda a ƙafa, abincinsa kaɗan, ba ɗaya yake da mai zaman shago a Tudun Wada ba, balle wanda ciwo ya riga ya taɓa.

Saboda haka ki rage, ba sai kin haramta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan kitsen kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da abinci ke bayarwa a rana. Ɗan manja a miya ba laifi, a dai sassauta wa balangu mai kitse da soye-soye. Ni da za a bi tawa, da gishiri da dunƙulen miya aka fara sa wa ido, don hawan jini ne kan gaba wajen jawo shanyewar jiki. Idan kuma an ɗora shi a kan maganin warfarin, kada ki ƙara masa zogale ko alayyafo farat ɗaya, domin bitamin K da ke cikinsu yana rage ƙarfin maganin. Ki fara tambayar likitansa a ranar da za ku koma asibiti.