"Bayanan Sirri" ko "Bayanan Mutum"?

A shekarar 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan jama'a, a 2019 kuma ta kafa dokar hukunta laifukan intanet, dukkansu da Faransanci. Amma manomin Agye da 'yar kasuwar Gazawa ko Gidan Runji, masu karɓar kuɗi ta salula, da Hausa ake yi musu bayani. Masu fassara kan ce "bayanan sirri". Sai dai dokar ta haɗa da suna da lambar waya, waɗanda ba asiri ba ne, don haka mai sauraro zai iya ɗauka cewa ba ta kare su ba. "Bayanan mutum" ya fi dacewa. Tunda kundin sake gina ƙasa na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, daidaita irin waɗannan kalmomi ya rataya a wuyan masana harshe.