Ƙwayar Jikin Mutum Ma Ana Yi Mata Filashin

Ƙwayoyin asali na ɗan tayi kamar sabuwar waya suke a kwali: za su iya zama jini, jijiya ko tsoka. Matsalar, sai an lalata tayin kafin a same su.

A 2007, Shinya Yamanaka na Japan ya cusa wa ƙwayar fatar mutum ƙwayoyin gado huɗu, ta koma tamkar ta tayi. Ita ce iPS. Sai dai filashin ɗin ba ya share komai, wani lokaci takan tuna cewa fata ce.

A shekarar aka yi wa ɓeraye masu sikila magani da ita a Amurka. Amma mai sikila a Fammar, fatarsa ma tana ɗauke da kuskuren gadon, sai an gyara shi tukuna. Wannan hanya har yanzu tana ɗakin bincike.