Darasi: Kurkunu da Rumbun Matalauci

Abin karantawa: Littafin Firistoci 19:9-10; Matiyu 25:31-40.

'Yan'uwa, dattawanmu sun san kurkunu. Mutum yakan sha ruwan tafki mai ƙananan ƙwari. Bayan kamar shekara guda sai tsutsa ta ɓullo masa a ƙafa, tsawonta yakan kai yadi ɗaya. Ba allura, ba ƙwaya, sai dai a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan kaɗan har makonni.

Wa ciwon nan yake kamawa? Wanda ba shi da rijiya. A ƙasashenmu da damina yakan fito, sa'ad da gona take jiran fartanya. Manomi yana kwance, ciyawa ta cinye gero, rumbu ya zama wofi, kuɗin haƙa rijiya kuwa babu. Hakanan talauci yake haifar ciwo, ciwo kuma ya sāke haifar talauci.

A 1988 aka ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Gwamnati ta haɗa kai da Cibiyar Carter da waɗansu. Aka raba ƙyallen tace ruwa, aka haƙa rijiyoyi, aka sa mutumin ƙauye ya kula kada mai ciwo ya tsoma ƙafa cikin tafki. Janar Yakubu Gowon ma ya yi ta zagaya ƙauyuka domin aikin. A 2008 aka ga mai ciwo na ƙarshe, a 2013 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar ta rabu da kurkunu.

Mu lura: Allah bai bar rabon matalauci ga jinƙan mai gona kaɗai ba, doka ya kafa a bar masa kala. Ashe, sadaka tana da kyau, amma ba ta ɗauke wa hukuma nawayarta ba. Har yanzu amai da gudawa suna kashe yara inda ruwa ba tsabta. Bari mu tace ruwanmu, mu gina masai, mu kai kukanmu wurin shugabanni da ladabi, ba fasawa. Gama Ubangijinmu ya lissafta kansa tare da masu ƙishi.

Tambayoyi: Daga ina matalautan garinmu suke ɗiban ruwa? Me ekklesiyarmu za ta yi kafin damina?