Yadda Ake Ɗora wa Kwamfuta Windows Ba Faifai Ba Filashi

Tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura a 2019, ga Jami'ar Sufuri ta biyo baya, ga kuma Kwalejin Yusuf Bala Usman da ta daɗe, kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama kayan karatu a garin. Mafi yawansu na gwanjo ne, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da ake saro su daga Kano, kuma ba su da wurin sa faifai. Filashin da za a ara kuwa ya zaga shagunan buga takardu ya kwaso bairos. Ɗalibin da ke Zango ko Baure ko Mai'adua, in Windows ɗinsa ta rikice, ba dole sai ya hau mota neman mai gyara ba. Kwamfutar tana iya ɗora wa kanta sabuwar manhaja daga fayil ɗin ISO, wanda cikakken kwafin faifai ne a dunƙule cikin fayil guda, muddin tsohuwar Windows tana iya tashi ko da daƙyar.

Kafin komai, kwashe takardunka da hotunanka zuwa waya ko Google Drive. Sannan ka sauko da ISO daga shafin Microsoft kansa, ba daga hannun wani ba. Girmansa ya haura gigabait 5, kuma a nan yawancin matsala take farawa: sabis ya yanke a tsakiya, fayil ya sauko da rauni, alhali a ido lafiyarsa ƙalau. Sai aiki ya yi nisa saƙo ya fito cewa an rasa wani direba ko an kasa kwafe fayiloli, mutum ya yi ta zargin kwamfutarsa. Gwajin lafiyar fayil ɗin bai wuce minti biyu ba. Buɗe PowerShell, ka rubuta Get-FileHash, ka bi shi da adireshin fayil ɗin. Za ta ba ka lambar SHA256 mai haruffa 64, ka kwatanta da wadda ke shafin da ka sauko da shi. Harafi ɗaya ya saɓa, goge ka sake saukowa.

Sai wuta. Batirin kwamfutar gwanjo sau da yawa ba ya riƙe caji, kuma in KEDCO ta ɗauke ana tsakiyar aiki, za ka tashi ba tsohuwa ba sabuwa. Nemi inda ake da sola ko janareta, ka ɗora kwamfutar a kan tebur, ba katifa ba. A zafin bazara fankar da ƙurar hunturu ta toshe takan sa na'ura ta kashe kanta.

Idan gyara kawai kake so, hanyar gajera ce. Tun daga Windows 8, danna ISO sau biyu yana buɗe shi tamkar an sa faifai. Ka danna setup.exe, ka zaɓi a bar maka fayilolinka. In ISO ɗin ya buɗe da WinRAR, danna maɓallin dama ka zaɓi buɗe shi da Windows Explorer.

Wanke kwamfuta tas shi ne aikin da ke buƙatar natsuwa. Shiga Disk Management, ka danna dama a kan C, ka zaɓi Shrink Volume, ka yanko gigabait 10. Ka mayar da gurbin sabon ɓangare mai tsarin NTFS, ka raɗa masa sunan da ba za ka manta ba, kamar TUSHE. Dalilin zaɓen NTFS shi ne FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, kuma install.wim na sababbin Windows ya wuce haka. Buɗe ISO, ka kwafe duk abin da ke cikinsa zuwa TUSHE. Abin da ke ciki za ka kwafa, ba ISO ɗin a dunƙule ba. Idan BitLocker na kunne, kashe shi ka jira ya gama warwarewa, in ba haka ba za a tambaye ka mabuɗi mai lambobi 48 wanda wataƙila yana hannun wani kamfani a Turai da ya fara mallakar kwamfutar.

Yanzu riƙe Shift ka danna Restart. Shuɗin allo zai fito, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Command Prompt. Idan babu wannan zaɓi, ɗakin gyaran Windows ne a kashe, abin da aka saba gani a kwamfutocin da 'yan kasuwa suka kwafa musu Windows a gurguje. Koma cikin Windows, ka buɗe Command Prompt a matsayin Administrator, ka rubuta reagentc /enable, sannan ka maimaita Shift da Restart.

A baƙin allon Command Prompt na ɗakin gyaran, haruffan ɓangarori sukan sauya, abin da ka sani da E ya koma D. Rubuta diskpart, sannan list volume, ka duba harafin da ke gaban TUSHE, ka rubuta exit. In D ne, rubuta D:\setup.exe. Ka zaɓi ɗorawa sabuwa fil, har ka iso jerin ɓangarorin diski.

A wannan allo nake roƙon kowa ya janye hannunsa daga maɓalli ya yi karatu. Ɓangaren tsohuwar Windows kaɗai za ka yi wa Format, kuma da girmansa za ka gane shi. Kada ka taɓa TUSHE, kada ka taɓa ƙananan ɓangarorin System da Recovery. Bidiyoyi da dama a YouTube suna koyar da a goge komai, ko a rubuta clean a diskpart. Masu filashi suke yi wa magana. Kai da fayilolin ɗorawarka ke kan diskin nan, yin haka daidai yake da mai haƙar rijiya ya yanke igiyar da zai fito da ita. Wani alherin wannan hanya shi ne da wuya ka gamu da saƙon nan na saɓanin GPT da MBR, domin ka taso ne ta tsarin da kwamfutar take kai tun asali.

Windows 11 tana da nata sharuɗɗan: TPM 2.0, da tsarin UEFI mai iya Secure Boot, da RAM gigabait 4, da Intel zubi na 8 zuwa sama. In ta ce kwamfutarka ba ta cancanta ba, leƙa BIOS tukuna, da F10 a HP ko F2 a Dell, domin sau da yawa TPM na nan a kashe. Diskin da ke MBR kuma ana juya shi da umarnin mbr2gpt tun kafin a fara, sannan a sauya BIOS zuwa UEFI. Amma EliteBook 840 G1 zuwa G3 da suka cika hannun ɗalibai ba su kai ba, ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Ni dai ina ganin wanda aikinsa rubutu da bincike ne gara ya koma Linux Mint da ya yi wa Windows 11 dabara ta hau injin da ba nata ba.

Idan an gama, kwamfutar za ta sake tashi sau biyu ko uku, kada ka taɓa ta. Lasisi yakan dawo da kansa da zarar ta hau intanet, matuƙar ka ɗora irin wadda take da ita, Pro a kan Pro, Home a kan Home. In ya ƙi, duba kwanan wata, domin ƙaramin batirin CR2032 da ya mutu yakan mayar da agogo shekaru baya, shafuka su ƙi buɗewa. In Wi-Fi ya ɓace, haɗa wayarka da kebul, ka kunna USB tethering, ka bar Windows Update ta sauko da direbobi. TUSHE kuwa ka bar shi inda yake, domin ran da aka sake bukata daga Shift da Restart za ka fara.