Ma'anar Shugabanci A Musulunci Da Ruɗun Da Ke Tattare Da Shi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda mulki na haƙiƙa nasa ne Shi kaɗai, na kowa kuwa aro ne. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako a kan shugabanci yake, abin da kowa ke tattaunawa a bakin kasuwa da ƙofar masallaci, amma kaɗan ne ke tsayawa su tambayi ma'anarsa. Bari mu fara daga lugga, domin Larabci ba ya raɗa wa abu suna a banza.

A cikin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Annabi (S.A.W.) ya kira shugaba ra'i, watau makiyayi, waɗanda ake shugabanta kuwa ra'iyya, watau abin kiwo, ya kuma sanar da cewa za a tambayi kowa game da kiwon da aka ba shi. Duk wanda ya tashi a ƙauye irin namu Gammo, a ƙasar Kabo, ya san sau da yawa makiyayi ba shi ne mai shanun ba. Amana aka ba shi, da yamma kuwa mai su zai tsaya a bakin garke ya ƙirga. Raɓar safiya a ƙafarsa take ƙarewa, ba ya kuma neman inuwa sai dabbobi sun ƙoshi. Ita ma kalmar siyasa, wadda a bakinmu yau ta koma nufin wayo da iya zance, tushensu ɗaya da sa'is, watau yaron doki, mai yanko ciyawa, mai ba da dusa da kanwa, mai share turke. Wasu malaman lugga kuma sun ce wazir, wanda muka mayar waziri, daga wizr ya fito, ma'anarsa kaya mai nauyi. Kiwo, hidima, dako: babu ado ko ɗaya a cikinsu.

To, amma ido ya fi son abin da yake gani, shi ya sa mutane da yawa suka ɗauka rawani da alkyabba da soro su ne shugabanci. Wannan ruɗu ba na yau ba ne. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya kawo labarin Sarki Sulaimanu, sarki na farko bayan jihadi, wanda ya yi mulki daga wajen 1807 zuwa 1819. Malami ne, liman, an san shi da tsoron Allah. Da aka naɗa shi, manyan jama'ar jihadi suka hana shi shiga Gidan Rumfa, sai ya sauka a wani gida dabam. Wani daga cikin Kanawan da suka rage ya gaya masa muddin bai shiga gidan nan ba, ba birni ba ƙauye, babu mai ɗaukarsa sarki. Da ya tambayi manyan dalilin hanin, Malam Jibrin ya bayyana tsoronsu, cewa in suka zauna a gidajen sarakunan da suka kawar, 'ya'yan da za su haifa a ciki halin masu gidan za su ɗauka. Sulaimanu bai yi musu ba, ya kai magana gaban Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Shehu ya yi masa izinin shiga.

A lura da kyau, jama'a. Mutumin farko yana ganin gida ne ke ba da sarauta, Malam Jibrin yana ganin gida ne ke ɓata mai sarauta. Dukkansu biyu sun ɗora wa ginin ƙasa abin da ba aikinsa ba. Ni dai a fahimtata, izinin Shehu yana nuna gida halal ne, kayan aiki ne kamar sirdi da linzami, kuma in talakawa ba za su kawo ƙara ba sai a ƙofar da suka saba, to sarki ya zauna a nan ya saurare su. Duk da haka ba na raina tsoron Malam Jibrin, domin abin da yake gudu halin fada ne, ba tubalinta ba: fadanci, da kirari, da dogarin da ke tare mai ƙara a zaure. Fiye da shekara 300 kafin wannan, Shehu Magili ya zo Kano wajen 1492, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda gidan ke ɗauke da sunansa, littafin nasiha mai babi 8, a ciki ya yi ta nanata haɗarin sarki ya sa shamaki tsakaninsa da talakawansa.

Mu ma mun ga irin wannan da idonmu. A 2019 aka sa Gwarzo da Kabo ƙarƙashin sabuwar masarautar Ƙaraye, a watan Mayu na 2024 aka soke dokar, gardama ta koma kan wa ke cikin Gidan Rumfa, wa ke gidan Nassarawa. Wannan fili ba kotu ba ne, ba zai yanke wa kowa hukunci ba. Abin da ya dame ni shi ne, a majalisun hira na ji 'yan'uwa na jini sun daina gaisawa a kan gida, alhali da wuya ka ji mai tambayar marayan da aka cinye wa gona wa zai share masa hawaye.

Akwai wani ruɗun kuma, shi ya fi kama mu almajirai, watau zaton cewa duk mai yawan salla da azumi ya isa shugaba. Abu Zarr, Allah Ya yarda da shi, yana cikin sahabban da suka fi kowa gudun duniya da faɗin gaskiya. Amma da ya nemi Annabi (S.A.W.) ya ba shi muƙami, kamar yadda Muslim ya ruwaito, sai ya hana shi, ya nuna masa yana da rauni, abin kuwa amana ne wadda ke zama nadama ranar Alƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinta ba. Alƙur'ani ya gwama sharaɗi biyu a Suratul Ƙasas aya ta 26, ƙarfi da amana, haka kuma a Suratu Yusuf aya ta 55, tsarewa da sani. Ku ɗauki dagacin da manomi da makiyayi suka zo gabansa da kaka, shanu sun shiga dawa, makiyayi kuma yana cewa an nome burtali. In dagacin nan ya kwana yana nafila, amma bai san inda iyakar burtalin take ba, ko ya sani yana jin nauyin faɗa wa mai kuɗin gari ya ja da baya, to nafilarsa tasa ce, rauninsa kuwa jinin mutane zai jawo.

Sai zancen kyauta, wanda a nan laifin mabiya ya fi yawa. Mukan ce wane shugaba ne na ƙwarai domin yana da sakin hannu, ba ma tambayar daga ina hannun ya ɗebo. Annabi (S.A.W.) ya aiki wani mutum mai suna Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kashi, ya ce wannan kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi faɗa, ya nuna da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko wani zai kawo masa. A Kitabul Farƙ, inda Shehu Usmanu ya bambance mulkin Musulunci da wanda ba shi ba, ya ambaci abubuwan da ya ƙi da sunayensu na Hausa, har da gaisuwa da kuɗin gari da kamuwa, watau ƙwace kayan talaka. Yau kaya sun canja, hali bai canja ba. Buhun takin da gwamnati ta saya da dukiyar jama'a, in kansila ya miƙa maka shi a zauren gidansa da dare domin kai nasa ne, ba alheri ya yi maka ba. Haƙƙinka ne ya mayar kyauta, haƙƙin maƙwabcinka kuma ya danne, kai kuwa da ka yi godiya har ƙasa ka taya shi. Lalle wannan magana tana da ɗaci ga mai iyali a tsakiyar damina, amma hukuncin bai sauya ba domin haka.

Waɗanda suka kafa daular da sarakunanmu suka gada ba su ɗauki mulki ganima ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu mayaƙa, wajen 1807 ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan hukunce-hukuncen mulki, sannan ya koma bakin aikinsa. Shi kuwa Shehu, bayan an ci Alkalawa a 1808, a 1812 ya raba tafiyar da al'amura, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu har rasuwarsa a 1817.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba haƙƙin shugaba a kan mabiya, da inda ɗa'a take tsayawa, da ladubban yi wa mai mulki nasiha. Wassalamu alaikum.