Yadda Za Ka Bibiyi Jirgin Sama Da Wayarka, Ka Kuma Bincike Shi Kafin Ka Hau



Lokacin da gwaggona ta tafi Umara, na buɗe wa 'yan gida taswirar jirginsu a wayata, kowa ya zo ya zagaye ni ana kallon ɗan hoton jirgi yana tafiya a hankali. Ba a yi awa ɗaya da tashinsu daga Kano ba, can wajejen Chadi, sai hoton ya ɓace. Ɗaki ya yi tsit, ƙanwata har ta fara salati. Da kyar na shawo kansu, kuma bayan wani lokaci jirgin ya sake bayyana, ya sauka Jidda lafiya. Tun daga ranar na gane cewa saukar da manhajar kaɗai bai isa ba, sai mutum ya san abin da take nuna masa, in ba haka ba tashin hankali zai saya wa kansa.

Manhajar da nake magana ita ce Flightradar24. Wasu mutum biyu 'yan ƙasar Suwidin ne suka fara ta a 2006 don sha'awa kawai, yau kuma ita ce aka fi sani a wannan fanni. Akwai kishiyarta ta Amurka mai suna FlightAware. Dukansu suna da sigar kyauta a Android da iPhone, kuma suna buɗewa a burauza idan wayarka ba ta da wurin ajiya. Shawara: kada ka bar taswirar a buɗe tsawon awanni, tana shan data da caji.

Daga ina take samun bayanan?

Duk da kalmar rada da ke cikin sunanta, yawancin abin da kake gani ba daga rada yake zuwa ba. Jiragen zamani suna ɗauke da wata fasaha da ake kira ADS-B. Jirgin yana gane inda yake ta hanyar GPS, sannan ya riƙa shelanta wa duniya ta zangon rediyo na megahaz 1090: ga lambata, ga inda nake, ga nisana daga ƙasa, ga gudun da nake yi. Saƙon ba a kulle yake ba, duk mai eriyar da ta dace zai kama shi. To dubban mutane a faɗin duniya sun kafa irin wannan eriya a gidajensu, suna tura abin da suka kama ta intanet zuwa kamfanin, shi kuma ya haɗa ya zana a taswira.

Eriya ɗaya tana iya jin jirgi daga nisan kilomita 300 zuwa 400 idan ya yi sama sosai. Turai da Amurka cike suke da su. Amma a hamada, da tsakiyar teku, da wurare da yawa na Afirka, ba su da yawa, wasu ma ɗauke wuta ko yankewar intanet kan kashe su. Idan jirgi ya shiga irin wannan wuri, manhajar takan ci gaba da nuna shi bisa kiyasi na ɗan lokaci, ko ta samo shi ta tauraron ɗan'adam, ko kuma ta cire shi daga taswira har sai wata eriyar ta sake jin sa. Abin da ya faru da jirgin gwaggona kenan. Masu kula da zirga-zirgar jirage suna da nasu na'urorin da rediyonsu, ba da wannan manhaja suke aiki ba.

Ga masu son haɗe-haɗe irina: ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, da ɗan makamin rediyo na RTL-SDR da ake soka mata, da eriya a kan rufi, sun isa ka zama ɗaya daga cikin masu tura bayanan. Flightradar24 tana ba masu yin haka tsari irin na masu biya kyauta.

Lambobin da ya kamata ka sani

Lambar tafiya ita ce wadda ke kan tikiti: haruffa biyu na kamfani sai alƙaluma. ET na Ethiopian Airlines ne, SV na Saudia, MS na EgyptAir, P4 na Air Peace. Ita za ka rubuta a wurin bincike. Filayen jirage su ma suna da nasu: KAN Kano, ABV Abuja, LOS Legas, NIM Yamai, JED Jidda, MED Madina.

Sai lambar rajista, wadda ita ce tamkar lambar mota, a jikin jirgin take a rubuce. Na Najeriya suna farawa da 5N, na Nijar 5U, na Gana 9G, na Saudiyya HZ. Wannan ita na fi amfani da ita, ga kuma dalili. A ce jirginka zai tashi daga Kano ƙarfe biyu na rana. Ka nemo lambar tafiyarka, ka duba rajistar jirgin da aka ware mata idan ta fito, ka ga ina yake yanzu. Idan ƙarfe ɗaya da rabi ta yi yana zaune a Legas, ba sai an yi maka sanarwa ba, ka san ba tashi ƙarfe biyu, tunda tsakanin Legas da Kano kusan awa ɗaya da rabi ne a sama. Amma kada ka ce za ka zauna a gida saboda haka, kamfani yana iya sauya jirgi a kowane lokaci, a tafi a bar ka. Haka kuma ka duba tarihin kwanakin baya na wannan lambar tafiya kafin ka sayi tikiti. Wadda ta makara sau biyar a mako ɗaya ta riga ta faɗa maka halinta.

Nisa daga ƙasa da ƙafa ake nuna shi, gudu kuma da ma'aunin not. Ƙafa 35,000 ta ɗan haura kilomita 10, not 450 kuma kusan kilomita 830 ne a awa.

Akwai kuma lambobi huɗu da matuƙi ke sakawa a na'urarsa. 7700 na nufin akwai larurar gaggawa, 7600 rediyo ya daina aiki, 7500 an yi fashin jirgi. Mutane suna son ɗaukar hoton 7700 su watsa a WhatsApp da taken "jirgi na shirin faɗuwa". Alhali larurar tana iya zama fasinja ne ya kamu da ciwo mai tsanani, ko wata na'ura ta nuna alamar matsala, matuƙi yana neman a ba shi hanya ya riga kowa sauka. Mafi yawansu lafiya lau suke sauka. Haka idan ka ga jirgi yana zagaye a wuri ɗaya, ko ya zo sauka ya sake tashi, abu ne da aka horar da matuƙa a kansa, yakan faru saboda yanayi ko cunkoso.

Hazo

Duk wanda ya taɓa jiran jirgi a Kano lokacin hunturu ya san wannan. Filayen jirage suna fitar da taƙaitaccen rahoton yanayi mai suna METAR kowane rabin awa ko awa ɗaya, kuma za ka iya karanta shi kyauta a aviationweather.gov. A nan da lambar haruffa huɗu ake nema: DNKN Kano, DNAA Abuja, DNMM Legas, DRRN Yamai. Ga misali da na ƙirƙira don koyo:

DNKN 150700Z 06010KT 0800 DU

150700Z na nufin ranar 15 ga wata, ƙarfe 7 na safe agogon GMT, wato ƙarfe 8 a Najeriya da Nijar. 06010KT iska ce daga arewa maso gabas mai gudun not 10. 0800 shi ne abin dubawa: ido ba ya hangen abin da ya wuce mita 800. DU ƙura ce, HZ kuma hazo. Idan ka ga 9999, ana hangen kilomita 10 ko fiye, gari ya waye tas. Iyakar da jirgi zai iya sauka a cikinta ta danganta da kayan aikin filin da na jirgin. Idan lambar ta yi ƙasa sosai aka ɗage tafiya, ni dai ba na ganin laifin kowa.

Shin kamfanin nan abin yarda ne?

Babu shafi ɗaya da zai ba ka amsa yanke, amma akwai wuraren dubawa. Tarayyar Turai tana da jerin kamfanonin da ta hana shiga sararin samaniyarta, tun 2006 take fitar da shi tana sabuntawa, a nemo shi da sunan EU Air Safety List. Ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya, IATA, tana da rajistar IOSA, ta kamfanonin da suka ci jarrabawar binciken yadda suke gudanar da aiki, kuma dole ne kowane mambanta ya kasance a ciki. Ka lura da abu biyu: rashin ganin suna a jerin Turai ba lambar yabo ba ce, sannan ƙaramin kamfani mai zirga-zirgar cikin gida zai iya rasa IOSA ba tare da hakan na nufin yana da haɗari ba.

Don tarihin haɗurra akwai Aviation Safety Network, inda za ka iya nema da sunan kamfani, ko ƙasa, ko shekara. The Aviation Herald kuma yana kawo rahoton matsalolin yau da kullum, har ƙanana. Shafin ba shi da ado ko kaɗan, amma idan aka turo maka bidiyon haɗarin jirgi ana cewa yanzu ya faru, nan za ka fara dubawa. Sau da yawa tsohon bidiyo ne na wata ƙasa. A Najeriya hukumar NSIB ce ke binciken haɗurra, tana saka rahotanninta a shafinta, NCAA kuma ita ke ba da lasisi tana karɓar ƙorafin fasinja. Bisa ƙa'idar hukumar ICAO, rahoton farko yakan fito cikin kwana 30, cikakken kuma yakan ɗauki shekara ko fiye. Duk wanda ya bayyana maka musabbabin haɗari a ranar da ya faru, hasashe yake yi.

Akwai rahoto ɗaya da nake so kowa ya nema ya karanta. Ranar 11 ga Yuli 1991, jirgin alhazai mai lambar tafiya 2120 ta Nigeria Airways ya tashi daga Jidda zai je Sakkwato, ya kama da wuta, ya faɗi kafin ya samu komawa filin. Mutum 261 da ke ciki duk sun rasu, Allah ya jiƙan su. Bincike ya gano cewa tayoyi ne da iskarsu ba ta kai ƙa'ida ba suka fashe lokacin tashi, wuta ta kama, aka naɗe su cikin jikin jirgin da wutar. Jirgin kuma, ƙirar DC-8, na wani kamfanin Kanada ne mai suna Nationair, hayarsa aka ɗauko. Har gobe ana hayar jirage, musamman lokacin aikin Hajji, kuma halal ne a doka. Sai dai idan za ka yi bincike, ka duba tikitinka ko manhajar ka ga wane kamfani ne ainihin mai tuƙa jirgin, shi ma ka bincike shi.

Game da shekarun jirgi da mutane ke yawan tambaya: manhajar takan nuna su, amma tsufa kaɗai ba hujja ba ce. Kulawa da gyara a kan lokaci su ne magana.

Tikiti da fawa banki

Idan ta hannun wakili ka sayi tikiti, ka karɓi lambar ajiyar kujera mai haruffa da alƙaluma shida, ka shiga shafin kamfanin da kanka, ka saka ta tare da sunan mahaifi kamar yadda yake a fasfo. Ganin sunanka bai wadatar ba, domin ana iya riƙe kujera ba a biya ba, bayan kwana ɗaya ko biyu ta soke kanta. Ka nemi lambar tikiti mai alƙaluma 13, ita ce shaidar an fitar da shi. Sannan don Allah a daina saka hoton katin shiga jirgi a Facebook da Instagram. Zanen layukan da ke jikinsa yana ɗauke da sunanka da waccan lambar, kuma su biyun sun isa wani ya shiga ya taɓa maka tafiya.

Fawa banki kuwa ba a saka shi cikin jakar da za a kai ɗakin kaya, a jakar hannu yake tafiya. Ƙa'idar da IATA ta wallafa da Wh take auna shi, mu kuma mAh muka saba gani. Lissafin mai sauƙi ne: ka ninka mAh da 3.7, ka raba da 1,000. Mai 20,000 ya zama Wh 74, ya wuce. Mai 27,000 yana gab da 100, nan ce iyakar da ba a neman izini. Mai 30,000 ya zama 111, yana cikin rukunin 100 zuwa 160 da sai kamfani ya amince. Babban nan mai 50,000 da muke ji da shi saboda rashin wuta ya kai 185, ba zai hau jirgin fasinja ba, gara ka bar shi a gida da a ƙwace shi a bakin ƙofa. Wasu kamfanonin sun ƙara tsaurara doka, sun hana amfani da shi ko cajinsa a cikin jirgi, don haka ka buɗe shafin kaya na kamfanin da za ka hau ka karanta tun kafin ka haɗa jaka.